Galaxy Leader da ire-irensa: abin da ke cikin jirgin dakon motoci

Ɗan ƙanwata, wanda ke sayar da motoci a wani ma'arad, wato wurin baje kolin motoci, a kudancin Jidda, ya aiko mini da tambaya: "Kawu, kai da ka tsufa a mina, wannan jirgin Galaxy Leader da aka kama a Bahar Maliya wane iri ne, na wa ne, mota nawa yake ɗauka? Wani abokina ya rantse akwai masu ɗaukar dubu tara, na ce ban yarda ba. Kuma abu mai tsayi haka kamar gidan sama, yaya ba ya kifewa?"

To ɗana, ka je ka ba abokinka haƙuri, shi ne da gaskiya. Amma kai ma kana da naka rabon, domin dubu taran nan ba irin motocin da ke jere a gaban shagonka ake nufi ba. Na yi shekara ashirin da wani abu a bakin gadar da motoci ke bi su fito daga waɗannan jirage a minar Jidda, wato tashar jiragen ruwa, ina ƙirga motoci ina duba jikinsu wa wani kamfanin wakilcin jiragen ruwa, kuma ban taɓa ganin jirgin da lissafin takardarsa ya zo daidai da abin da ya fito daga cikinsa ba. Bari in fara da wanda ka ambata.

An ƙera Galaxy Leader a shekarar 2002 a Gdynia, wani garin bakin teku a ƙasar Folan. Tsawonsa mita 189, faɗinsa mita 32 da 'yan kai, yana ɗaukar ƙananan motoci wajen dubu biyar. A cikin danginsa matsakaici ne, ba ya cikin manya. Lokacin da abin ya same shi ya shekara ashirin da ɗaya yana aiki, wato ya fara manyanta, tunda galibinsu tsakanin shekara ashirin da biyar zuwa talatin ake kai su inda ake yanka jirage, kamar Alang a Indiya, a sayar da ƙarfen. Kafin 2023, in ban da mutanen mina da 'yan inshora, ba wanda ya damu da sunansa. Jirgin dakon mota haka rayuwarsa take: ya cika a Japan ko Koriya ko Turai, ya zazzage a mina huɗu ko biyar, ya koma.

A watan Nuwamban 2023 ya taso daga Turkiyya, ya ratso Suwez, ya wuce ta gabanmu, zai tafi Indiya. Babu mota a cikinsa, fanko yake. 'Yan Huthi na Yaman suka sauka a kansa ranar 19 ga watan daga jirgi mai saukar ungulu, suka juya akalarsa zuwa gaɓar Hudaida. Ma'aikatansa ashirin da biyar ne, goma sha bakwai 'yan Filifin, sauran daga Bulgeriya, Romaniya, Yukren da Meziko. Sun yi wata goma sha huɗu a tsare, sai ranar 22 ga Janairu 2025 aka sake su ta hannun Oman. Jirgin kuwa bai dawo ba. An daɗe ana kai mutane kallonsa a kwalekwale, ana hawa ana ɗaukar hoto, daga baya a watan Yulin 2025 jiragen yaƙin Isra'ila suka kai masa hari a inda yake tsaye.

Tambayarka ta "na wa ne" ita ce mai wuya, kuma ba a kan wannan jirgi kaɗai ba. Ka san yadda mota take a nan: istimara, wato takardar rajistarta, da sunan wani, wani ne ya biya kuɗin, wani kamfani ya ɗauke ta haya ya manna tambarinsa, direban kuma ɗan wata ƙasa ne dabam. To haka jirgin ruwa yake, sai ma abin da ya fi. Tutar Galaxy Leader ta Bahamas ce. Kamfanin da aka yi masa rajista da sunansa yana tsibirin Man, kusa da Ingila, kuma yana da alaƙa da Ray Car Carriers, wanda ake dangantawa da wani attajiri ɗan Isra'ila, Abraham Ungar. Wannan alaƙa ita ce hujjar da waɗanda suka kama shi suka bayar. Mai hayarsa, wanda ke cewa je ka nan, ɗauko can, shi ne NYK na Japan. Waɗanda suka kwana wata goma sha huɗu a tsare kuwa ba su da ko sisi a cikinsa, albashi suke ci kamar ni da kai. Duk lokacin da na tuna wannan sai in tuna 'yan Filifin ɗin da muke shan shayi da su a bakin gada, suna tambayar inda za su sami katin waya mai araha don su kira gida.

Akwai wani abu da zai yi maka amfani idan kana duba bolisa, wato takardar lodin kaya. Daga sunan jirgi kana iya gane mai tafiyar da shi. Wanda sunansa ya ƙare da Leader na NYK ne, mai ƙarewa da Ace na MOL ne, mai ƙarewa da Highway na K Line ne, duka ukun kamfanonin Japan. Mai farawa da Morning galibi na EUKOR ne, mai dakon Hyundai da Kia. Namu na gida, Bahri, yana da jirage shida masu ɗaukar mota da kwantena a haɗe, an sa musu sunayen garuruwa: Abha, Hufuf, Tabuk, Jazan, Jidda da Yanbu.

Yanzu batun dubu tara. Idan aka ce jirgi yana ɗaukar mota kaza, ma'aunin da ake nufi sunansa CEU, kuma tushensa wata mota ce guda ɗaya: Toyota Corona ƙirar 1966, wadda ake kira RT43. Tsawonta mita huɗu da santimita goma sha biyu da rabi, faɗinta mita ɗaya da santimita hamsin da biyar. Da ita Japanawa suka auna wuri lokacin da suka fara fitar da motoci da yawa, kuma har yau ba a canza mudun ba, alhali motocin sun yi ƙiba. Ɗauki Land Cruiser, wadda kowa ke so a nan: tsawonta ya kusa mita biyar, faɗinta ya kusa mita biyu. Wurin da take ci ya kai na Corona ɗaya da rabi. Hilux mai ƙofa huɗu ta haura mita biyar. Ga kuma tsayi, domin wasu hawan jirgin rufinsu gajere ne, mutum dogo sai ya sunkuya, kuma mota mai tudu ba ta shiga can ko da akwai fili. Saboda haka jirgin da takardarsa ta ce 8,500, idan kayan Saudiyya ya ɗauko, manyan jif-jif da a-kori-kura da bas-bas da 'yan katafila, zai cika maƙil alhali ƙirgarmu ba ta kai dubu shida ba. Mudun gero ne ake auna doya da shi.

Duk da haka, manyan nasu manya ne. Wanda na fi so in ba da misali da shi shi ne Höegh Target, na wani kamfanin Norway, wanda aka ƙera a Xiamen ta ƙasar Sin a 2015. A lokacin shi ne mafi ɗaukar kaya a duniya: CEU 8,500, hawa goma sha huɗu, tsawo mita 199.9, faɗi mita 36.5. Idan ka haɗa daɓen hawan nan duka, murabba'in mita 71,400 ne, daidai da filin ƙwallo goma. Idan ka jera Corona 8,500 hanci da wutsiya, layin zai kai kilomita 35, kusan rabin hanyar Makka daga Jidda, sai ka doshi Bahra kana ganin mota. Gadarsa ta baya tana jure nauyin tan 375, ƙofar kuma tsayinta mita shida da rabi, don haka ba mota kaɗai yake ci ba, har da taragon jirgin ƙasa da injinan haƙar ma'adinai. Bayansa an yi Höegh Aurora a 2024 mai 9,100, kamfanin BYD ya fito da nasa mai suna BYD Shenzhen a 2025 mai 9,200, a shekarar kuma aka ƙaddamar da Anji Ansheng mai 9,500. Ka ga abokinka bai yi rantsuwar banza ba.

Ka lura da 199.9 ɗin nan, ba kuskuren tela ba ne. A dokar zirga-zirgar ruwa ta Japan, jirgin da ya kai mita 200 ana lissafa shi cikin ƙattai, kuma ana ɗora masa ƙarin sharuɗɗa a mashigai masu cunkoso. Sai maƙera suka riƙa tsayawa saura santimita goma. Faɗin mita 32 da 'yan kai na Galaxy Leader kuma, tsohuwar ƙofar mashigin Panama ce ta yanka shi, iyakar abin da take bari ke nan. Da aka kama aikin sabuwar ƙofa mai faɗi, wadda aka buɗe a 2016, sai jiragen suka yi ta buɗewa zuwa mita 36, 37, 38. Tunda an daɗe tsawo a ɗaure faɗi a ɗaure, hanya ɗaya ta rage wa mai son ƙarin wuri, ita ce sama. Asalin siffar gidan saman da ka gani ke nan.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, wannan jirgi fili yake sayarwa, nauyi bai dame shi ba. Mota akwatin iska ce. Jirgin sha'ir mai tsawon mita 200, irin waɗanda ke zazzage abincin dabbobi a minarmu, yana ɗaukar wajen tan dubu sittin. Jirgin mota mai wannan tsawon, ko ya cika, nauyin motocin da ƙyar ya wuce tan dubu goma sha biyar. Shi ya sa a takardarsa za ka ga lambobi biyu da suka yi hannun riga. GT, wanda ke auna girman cikinsa, babba ne, na Galaxy Leader 48,710. DWT, wanda ke auna nauyin da zai iya ɗauka har da mai da ruwa, ƙarami ne, nasa wajen tan 17,000. Abin da ya nutse a ruwa mita tara zuwa goma ne kawai, sauran duk yana sama yana shan iska kamar allon talla. Ranar da iskar arewa ta taso a Jidda, ga duwatsun murjani a bakin mashiga, za ka ga murshid, mai jagorantar jirgi shiga mina da fita, ya nemi ƙarin jiragen ja kafin ya yarda ya shigo da shi.

Cikinsa kuma, ka ɗauka garejin bene ne irin na manyan kasuwanni, sai dai babu tagogi. Gadar baya a karkace take zuwa dama, shi ya sa kusan kullum da gefen dama yake jingina da mina. Daga nan hanyoyi masu gangara suna hawa suna sauka tsakanin hawa da hawa. Wasu daɓen ana ɗaga su a manna da rufi idan za a sa manyan motoci, a sauke su idan ƙanana ne. Ana jera motocin madubi a naɗe, tsakanin ƙofa da ƙofa faɗin dunƙulen hannu, wajen santimita goma, tsakanin gaba da baya wajen talatin. Kowace an ɗaure ta da bel huɗu a ramukan daɓe, makulli a ciki, mai ɗan kaɗan a tanki. Direbobin sauke kaya ba a barin su da zobe ko agogo ko bel mai kan ƙarfe, domin ƙarzane ɗaya a ƙofar Lexus ya fi albashin watan mutum. Su fitar da mota, ƙaramar bas ta kwaso su ta mayar ciki, su sake fitowa, haka har a gama. Kuma akwai tsari: wadda aka sa ƙarshe ita ke fita farko, idan batirin guda ɗaya ya mutu a bakin layi, duk na bayanta sun tsaya. A watan Agusta, a hawa na uku ƙarƙashin layin ruwa, ga hayaƙi ga rurin fankoki, in ka yi awa biyu ka fito sai zafin Jidda na waje ya zame maka kamar sanyin Ɗa'if.

To, yaya ba ya kifewa? Amsar gaskiya ita ce yana kifewa, idan aka yi sakaci. Abin da ke riƙe shi ruwa ne. A can ƙasan cikinsa akwai tankuna da ake cika su da ruwan teku, dubban tan, don nauyi ya taru a gindi ya rinjayi na sama. Ruwan balas ake ce masa. Mai lissafinsa shi ne cif ofisa, mataimakin kyaftin. Duk motar da ta shiga ko ta fita, duk man da injin ya sha a hanya, lissafin ya canza, sai an sake. Matsalar ita ce ba a auna motoci ɗaya bayan ɗaya a bakin gada, nauyin da mai kaya ya rubuta shi ake ɗauka, kuma kowa na gaggawa. Na taɓa ganin wani cif ofisa ya tsayar da aiki cak, muna tsakiyar fitar da manyan injina daga hawan ƙasa alhali hawan sama cike suke da kayan wata mina. Jirgin ya ɗan kwanta, kaɗan ne, sai da na ga leɓen gada ya ɗaga ta gefe ɗaya na gane. Ya fi awa yana tura ruwa daga tanki zuwa tanki, wakilinmu yana ta waya yana faɗa a kan kuɗin jinkiri. A ranar ni ma haushinsa na ji, don na so in kama sallar Magariba a unguwa. Sai da na karanta rahotannin abin da ya sami wasu na daina ganin laifinsa.

A watan Yulin 2006, Cougar Ace ya taso daga Japan da mota 4,812, kusan duka Mazda. A kudu da tsibiran Alaska ana cikin canza ruwan balas, domin doka ta hana kai ruwan wata gaɓa a zubar a wata, sai lissafi ya kuɓuce, ya kwanta digiri sittin. Bai nutse ba. An kwashe ma'aikatan ta sama, an ja shi, an miƙar da shi. Motocin da yawa ko ƙarzane babu, bel ya riƙe su, amma Mazda ta ce ba za ta sayar da motar da ta yi makonni a rataye ba, ta murƙushe 4,703. Jirgin ya koma aiki har 2020. A watan Janairun 2015 Höegh Osaka ya fito daga Southampton a Ingila, yana cikin shan kwana ya kwanta, Allah ya sa akwai tudun yashi kusa ya zauna a kai. Bincike ya nuna an tashi ba a kammala lissafin daidaito ba, hawan sama sun yi nauyi, na ƙasa da sauƙi. Golden Ray kuwa, a watan Satumban 2019 a Brunswick ta Amurka, shekararsa biyu kacal da ƙira, da mota fiye da dubu huɗu. Cif ofisa ya shigar da adadin ruwan tankuna ba daidai ba a kwamfuta, kwamfuta ta ce lafiya lau. Ya kife a bakin mashiga, ruwa ya shiga ta ƙofar da aka buɗe wa murshid. Mutum huɗu sai da aka huda jikin jirgin aka ciro su da rai. Gunduwa takwas aka yi masa kafin a kwashe, aikin bai ƙare ba sai 2021. Ka duba, ukun nan ba hadari ba ne ya kayar da su, ba karo ba ne. Lissafi ne.

Akwai kuma aibin da aka haife shi da shi. Sauran jirage cikinsu a yanke yake da bangaye, ɗaki-ɗaki, idan ruwa ya shiga ɗaya sauran suna riƙe. Jirgin mota ba zai yiwu a yanka shi haka ba, don mota tana bukatar hanya daga wutsiya har hanci. Ka tuna matan ƙauye idan sun ɗebo ruwa a daro mai faɗin baki, sukan yanko ganye su ɗora a kai. Sun san ruwan da ke cikin tulu ba ya kayar da mutum, amma na daro, da ka ɗan karkata sai ya ruga gefe ɗaya gaba ɗaya ya ƙara karkatar da kai. Daɓen mota daro ne mai tsawon mita ɗari biyu. Ruwan da bai kai gwiwa ba ya isa.

Mu mutanen Bahar Maliya mun ga wannan da idonmu. Al-Salam Boccaccio 98 jirgin fasinja ne mai ɗaukar motoci, ba irin su Galaxy Leader ba, amma daɓen iri ɗaya ne. Ya tashi daga Duba ta Saudiyya zuwa Safaga ta Masar a daren 2 ga Fabrairu 2006 da mutum wajen 1,400, ma'aikata masu komawa gida da alhazai. Wuta ta tashi, aka yi ta zuba ruwa, magudanan daɓe suka toshe, ruwan kashe gobarar ya taru ya ruga gefe ɗaya. Ya kife kafin asuba. Fiye da mutum dubu suka rasu, Allah ya jiƙansu. Duk wanda ke aiki a mina a lokacin ya san wani da ya san wani a ciki.

Wannan ne ya sa gobara ta fi komai tayar wa ma'aikatan jirgin mota hankali. Dubban motoci manne da juna, kowace da mai da taya da roba da batir, kuma ba ka da ikon yi musu ambaliya. Abin da ake yi shi ne a rufe ƙofofi da fankoki a saki iskar da ke shaƙe wuta, ko kumfa, in an yi sa'a an gano da wuri. Felicity Ace ya kama wuta ranar 16 ga Fabrairu 2022 kusa da tsibiran Azores, ɗauke da mota kusan dubu huɗu daga Jamus, har da Porsche da Bentley da Lamborghini. An ceci ma'aikata ashirin da biyu, ya yi kwanaki yana ci, ranar 1 ga Maris ya nutse a zurfin wajen mita dubu uku, ya tafi da shaidarsa. Mutane suna son ɗora komai a kan motocin lantarki, kuma gaskiya ne batirinsu in ya kama yana da wuyar kashewa. Amma ni tsofaffin motoci sun fi ba ni tsoro. Höegh Xiamen ya ƙone a Jacksonville ta Amurka a watan Yunin 2020 da mota 2,420, duka na hannu, irin waɗanda ake kai wa Afirka ta Yamma mu kira su 'yan Kwatano. Masu bincike sun gano wutar ta fara ne daga batirin wata tsohuwar mota da ba a cire wayarsa yadda ya kamata ba. Sabuwar mota daga masana'anta an san halinta. Wadda ta yi hatsari aka saya a gwanjo aka tura ta ciki da ƙarfi, Allah kaɗai ya san abin da ke cikinta.

Komawa kan Galaxy Leader, abin da ya shafe ka kai mai ma'arad shi ne abin da ya biyo baya. An kama shi fanko, ba a yi asarar mota ko ɗaya ba, amma zuwa Janairun 2024 manyan kamfanonin Japan ukun nan duk sun daina bi ta Babul Mandab, ƙofar kudu ta Bahar Maliya. Ga Turai wannan ƙarin kwana goma ne zuwa mako biyu ta ƙasan Afirka. Ga Jidda abin ya fi muni, don mu a tsakiyar Bahar Maliya muke. Jirgin da a da yake zuwa daga Nagoya cikin kamar mako uku, gudunsa wajen kilomita 35 a awa, in zai guje wa ƙofar kudu sai ya zagaye Afirka duka, ya shiga Bahar Rum ta mashigin Jabal Ɗariƙ, ya ratso Suwez ya gangaro, hanyar ta ninka har ta wuce. Ko kuma ya sauke a Dammam, a ɗora motocin a tirela su yi fiye da kilomita 1,300 a kan titi. Kuma abin ya zo a lokacin da jiragen suka yi ƙaranci, domin a 2023 ne Sin ta fitar da mota kusan miliyan biyar ta wuce Japan, duk MG da Changan da Geely da Haval da ka ga sun cika titunan Jidda wuri suke nema a daɓen nan. Hayar babban jirgi ta haura dala 100,000 a rana. Jirgin da ya ƙara mako uku a hanya, filin ƙwallo goma ne aka cire daga kasuwa na mako uku, kuma kuɗin yana ƙarewa ne a kan farashin da kake gaya wa mai saye. Dalilin da ya sa kamfanonin motocin Sin suka shiga ƙera jiragen kansu ke nan.

Idan kana son tarihin kowane jirgi, kada ka bi suna. Suna yana canzawa da mai haya, Höegh Osaka ma da Maersk Wind ake kiransa, tuta kuma ana canza ta kamar riga. Abin da ba ya canzawa daga ranar ƙira har ranar yanka shi ne lambar IMO, alƙaluma bakwai, a rubuce a wutsiyarsa, kamar lambar shasi a mota. Da ita za ka ga shekararsa, tsofaffin sunayensa, da ko an taɓa tsare shi a wata mina saboda gazawa a bincike. Kuma idan motarka ta sauka, ka sa mukhallis ɗinka, mai fito maka da kaya daga kwastan, ya zagaya ta da kyau kafin ta fita ƙofar mina, ya duba rufi da ƙasan bamba, inda bel da leɓen gada suke taɓawa, a rubuta duk abin da aka gani a takardar karɓa. Bayan ta hau saɗaha, motar da ke goyon mota, ta fita, ba wanda zai saurare ka, ni kaina na sha mayar da mutane da wannan amsar. Ka zo da bolisar kayanka na ƙarshe ranar Juma'a bayan an sauko, in nuna maka inda ake karanta sunan jirgin da minar da aka yi lodi, ka taho da abokin naka ma.